An sake shi, an kuma yanke masa magani

Kwanakin baya ana hira a kan abin da ya kamata hukuma ta yi wa fursunan da ya gama wa'adinsa, sai wani ya kawo maganar lafiya. Ya ce bai kamata a buɗe wa mutum ƙofa haka kawai ba, a sallame shi da maganin wata guda a hannu da takardar asibitin da zai ci gaba da zuwa. Kafin ya rufe baki wani ya tare shi: "Mu da ba mu saci na kowa ba wa ya ba mu magani? Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa." Aka yi dariya, aka shiga wani zancen.

Ni dariyar ce ta tsaya mini a rai. Wanda ya yi maganar ba mugu ba ne, abin da ke bakin mutane da yawa ya faɗa. Sai dai ra'ayi ne da ke jawo asarar rayuka, har da na waɗanda ko hanyar kotu ba su sani ba.

Ga inda na tsaya. Hukumar da ta kulle mutum, ta hana shi zuwa asibitin da ya ga dama, ta ɗora shi a kan magani yana hannunta, buɗe ƙofa bai sauke mata nauyinsa ba. Nauyin yana sauka ne ranar da ta miƙa shi hannu da hannu ga wani asibiti a waje, da bayanin ciwonsa da maganin da zai riƙe shi kafin ya ga likita. In ba ta yi haka ba, ta ɗauko shi a kwalekwale ne ta ce ya sauka a tsakiyar kogi.

Mako biyun farko

Kowa yana ɗaukar ranar fita a matsayin ranar da wahala ta ƙare. Likitocin da suka bi sawun waɗanda aka saka sun ga wani abu dabam.

A shekarar 2007 wata likita mai suna Ingrid Binswanger da abokan aikinta suka wallafa bincike a mujallar New England Journal of Medicine. Sun bi bayan mutum sama da dubu 30 da aka saka daga gidajen yarin jihar Washinton ta Amurka tsakanin 1999 da 2003. Mutum 443 daga cikinsu sun mutu a lokacin da ake bibiyar. In aka kwatanta da sauran mazauna jihar masu shekaru irin nasu, haɗarin mutuwar tsohon fursuna ya ninka sau uku da rabi. A mako biyun farko bayan fita kuwa ya ninka sau 12.7. Mutuwa ta dalilin shan ƙwaya fiye da kima a waɗannan kwanaki goma sha huɗu ta ninka sau 129. Bayan ƙwaya, abubuwan da suka fi kashe su su ne ciwon zuciya, da kisan kai, da mutum ya kashe kansa.

Dalilin na ƙwaya ba ɓoyayye ba ne. Mai shan hiroyin da dangoginta jikinsa yana sabawa, kullum sai ya ƙara kafin ya ji ta. In aka kulle shi wata shida ko shekara, sabon nan ya tafi, amma ƙwaƙwalwarsa tana riƙe da ma'aunin da ya saba sha. Ranar da ya fito ya auna kamar da, numfashi ya tsaya. Wato kamewar da ya yi a ciki, wadda kowa zai yaba, ita ce ta mayar da ma'aunin jiya guba.

Amma kada a ɗauka maganar 'yan ƙwaya ce kaɗai. Ɗauki mai hawan jini ko mai ciwon sukari ko mai farfaɗiya. A ciki, komai lalacewar gidan yarin, in dai ana ba shi magani to wani ne yake riƙe da lokaci, wani ne yake kiran suna, shi nasa ya miƙa hannu. Shekara biyar ko goma bai taɓa yanke shawarar lokacin kwanciya ba balle na ganin likita. Rana ɗaya aka ce ya fita. Bai san inda zai kwana ba. Katin shaidarsa ya ɓata ko ya daina aiki. Ba waya, ba kuɗin mota, watakila akwai jami'in da aka ce lallai ya je ya sa hannu a wurinsa. A cikin wannan jerin, ƙwayar hawan jini ita ce ta ƙarshe, don hawan jini ba ya ciwo sai ranar da ɓarin jiki ya shanye.

Akwai wani binciken da aka yi a jihar Texas a kan masu ɗauke da HIV, aka wallafa a 2009. Mutum 2,115 ne, dukansu suna kan magani a ciki. Ranar fita ana ba su na kwana goma da takardar karɓar ƙari. Waɗanda suka karɓi ƙarin kafin kwana goman su cika kashi 5.4 ne cikin ɗari. Bayan wata biyu ma kashi 30 ne kacal. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a binciken shi ne, jihar tana da shirin ba da maganin ga marasa hali, sai dai akwai fom da ake cikewa. Waɗanda aka zauna aka taya su cike fom ɗin kafin su fita sun ninka sauran kusan sau uku wajen karɓar magani a kan lokaci. Maganin yana nan a ajiye, takarda ce ta tsaya tsakaninsa da mai shi.

"Mu da ba mu yi laifi ba fa?"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma akwai gaskiya a cikinta. A ƙasashe da yawa mutumin kirki yana kwana a layin asibiti bai ga likita ba. Ya ji an ce za a nema wa wanda ya fasa shago magani, dole ransa ya ɓaci.

Amsata kashi biyu ce, kuma ta farko ko tausayi babu a cikinta, lissafi ne tsagwaronsa.

Akwai mutum sama da miliyan 11 a gidajen yarin duniya a kowane lokaci, waɗanda ke shiga suna fita a shekara kuwa sun fi haka nesa ba kusa ba. Kusan kowa a cikinsu zai fito wata rana. Ko kafin su fito, gandiroba yana komawa gida wurin iyalinsa kullum, masu ziyara suna shiga suna fita, lauya da ma'aikacin jinya haka. Katanga tana tare mutum, tari kuwa ta ƙofa yake bi da kowa.

Tarin fuka ya fi son ɗaki mai cunkoso marar iska da jikin da yunwa ta raunana, kuma wannan ita ce siffar kurkuku a yawancin duniya. Bincike ya nuna yawan masu kamuwa da shi a ciki yakan kai kusan ninki goma na waje. Maganinsa na yau da kullum wata shida ne ba fashi. Ka ɗauka an gano shi a jikin fursuna, an fara masa magani, ya sha wata biyu, tari ya lafa, jiki ya fara dawowa, sai wa'adinsa ya cika. Ya fita ba takarda. Shi a ganinsa ya warke. Ciwon kuwa yana nan, kuma shan magani ana tsayawa ana komawa yana daga cikin hanyoyin da ƙwayar cutar ke koyon bijire wa magani. Shekaru da dama jinyar irin wannan mai taurin kan takan ɗauki wata 18 zuwa 24, da allurai masu kurmantar da mutum. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabon haɗi na wata shida, amma ya fi maganin yau da kullum tsada. Wa zai shaƙi wannan tarin? Matarsa, 'ya'yansa, wanda ya zauna kusa da shi a mota. Wa zai biya kuɗin jinyarsu? Baitulmalin da aka ce ana tattalawa.

An ga wannan a Rasha bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, inda gidajen yari suka zama matattarar tarin fuka mai bijire wa magani, ana sakin dubban mutane da shi zuwa cikin gari. Ba banza ba ne a birnin Mosko aka yi taron da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sanarwar 2003, mai cewa lafiyar gidan yari ɓangare ce ta lafiyar al'umma.

Haka HIV. Wanda ke shan maganinsa daidai har ƙwayar ta daina nunawa a gwajin jini ba ya sa wa abokin kwanciyarsa. In ya tsaya na 'yan makonni sai ta dawo da ƙarfinta. Matar da ta yi shekara uku tana jiran mijinta ba ta tsaya gaban alƙali ba, amma ita za ta biya kuɗin fom ɗin da ba a cike ba.

Amsa ta biyu ita ce, me alƙali ya yanke? Ya ce shekara uku. Bai ce shekara uku da makanta ta ciwon sukari ba. Mutum ya zauna, ya cika kwanakinsa, bashin ya biyu. Duk abin da ya same shi bayan nan saboda sakacin hukuma, ƙarin hukunci ne da babu kotun da ta rubuta.

Kuma a lura da abin da ake nema. Ba a ce a gina masa asibiti na musamman ko a tsallakar da shi gaban layi ba. A mayar da shi cikin layin da kowa yake, da katinsa a hannu kamar kowa. In layin ya yi tsawo, wannan ƙorafi ne na gaskiya, a kai shi ga masu mulki. Cire mutum ɗaya daga baya ba zai matsar da kai gaba ba.

Fayil ɗin na hannun wa?

A nan nake ganin tushen matsalar, kuma abu ne da ba a cika magana a kansa ba don ba ya jan hankali.

A ƙasashe da yawa asibitin gidan yari yana ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida ko ta shari'a, ma'aikatar lafiya kuwa tana can da nata asibitocin. Likitan ciki ma'aikacin hukumar gidan yari ne. Fayil ɗin majiyyaci na hukumar gidan yari ne. Ranar da mutum ya fita, ya fita daga rajistarsu, fayil ya koma kabad. Asibitin gari bai san da shi ba, ba wanda ya rubuto masa. Kowane ɓangare ya yi aikinsa daidai a takarda, majiyyaci ya faɗa tsakani.

Ko a cikin asibiti ɗaya, in za a mayar da marar lafiya daga wannan ɗaki zuwa wancan, ma'aikaciyar jinya ba ta turo gadonsa ta juya. Sai ta tsaya ta gaya wa 'yar'uwarta abin da aka ba shi, da ƙarfe nawa, da abin da ya rage. In ba ta yi ba, laifi ne da ake tuhuma a kai. Ban ga dalilin da zai sa ƙa'idar ta faɗi don kawai ɗakin farko yana da ƙarafa a taga ba.

Wasu ƙasashe sun gane haka sun mayar da lafiyar fursunoni hannun hukumomin lafiya. Norwe ta yi a 1988, Faransa a 1994, Ingila ta kammala nata a 2006, Sikotland a 2011. Ban ce komai ya gyaru a can ba, har yanzu ana mutuwa bayan fita. Amma aƙalla hukumar da ke duba mutum a ciki ita ce za ta gan shi a waje, ba ta da wanda za ta nuna wa yatsa.

Amurka misali ce ta yadda doka kanta ke haƙa ramin. Tun 1976 Kotun Ƙoli, a shari'ar Estelle da Gamble, ta yanke cewa yin biris da babban ciwon fursuna da gangan ya saɓa wa tsarin mulki. To amma shirin Medicaid, wanda ke biya wa marasa hali kuɗin asibiti, tun kafa shi a 1965 doka ta hana shi biyan jinyar wanda ke tsare. A da jihohi da dama sukan soke sunan mutum da zarar an kulle shi. Ya fito ba inshora, sai ya sake nema daga farko, takardu na ɗaukar makonni, su ne kuwa makonnin da aka fi mutuwa. A ciki magani haƙƙinsa ne, a bakin ƙofa haƙƙin ya ƙare. Sai a Janairun 2023 gwamnatin tarayya ta amince wa Kalifoniya, jiha ta farko, ta fara biyan wasu ayyukan lafiya har kwana 90 kafin ranar fita.

Ƙa'idar dai a rubuce take. A Disambar 2015 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da sababbin ƙa'idojin kula da fursunoni da aka sa wa sunan Nelson Mandela. Ta 24 ta ce a tsara lafiyar gidan yari kafaɗa da kafaɗa da hukumar lafiya ta ƙasa yadda jinya ba za ta yanke ba, ta kuma ambaci HIV da tarin fuka da jarabar ƙwaya da sunansu. Ta 90 ta ce nauyin da ke kan al'umma ba ya ƙarewa da sakin fursuna. Ƙasashe sun ɗaga hannu sun amince, aikin ne ya rage.

"Babu kuɗi"

Wannan ba za ta ɗauke ni lokaci ba. Kuɗin da aka kashe wajen ciyar da mutum da gadinsa shekara guda, in aka kwatanta da maganin wata ɗaya da takarda shafi ɗaya, ai ba a haɗa su. An riga an biya gwaji, an biya magani na watanni, sai a bar shi ya zube a kan ɗan abin da ya rage. Tufka da warwara ke nan.

Wasu gyare-gyaren ma ko sisi ba sa ci. A Ingila, kafin dokar 2023, kusan ɗaya cikin uku na fursunoni ranar Juma'a ake sakinsu, saboda duk wanda ranarsa ta faɗo Asabar ko Lahadi akan dawo da ita Juma'a. Mutum ya fito da rana, ga doguwar tafiya, kafin ya isa ofishin gidaje da asibiti da wurin karɓar magani duk sun rufe sai Litinin. Kwana uku a titi ba magani, a daidai lokacin da ya fi kowane haɗari. A 2023 majalisa ta yi dokar da ta ba da damar a matso da ranar baya da kwana ɗaya ko biyu. Kalanda kawai aka duba.

Batun ƙwaya

A nan ne mutane suka fi turjewa, kuma na fahimci dalili. A ce hukuma da kanta tana ba mai jarabar hiroyin metadon ko bufrenofin, magungunan da ke kwantar da jarabar, kullum, sai a ce ai an musanya masa wata ƙwayar da wata ne. A ce kuma za a ba shi nalokson ya tafi da shi, maganin da ke farfaɗo da wanda ya sha ya wuce kima, sai a ce ai an ba shi lasisi ke nan.

Ni dai gawa nake ƙirgawa. A 2016 jihar Rhode Island ta fara tantance duk wanda aka kawo gidan yari, tana ba mai jarabar magani a ciki, tana kuma haɗa shi da cibiyar da zai ci gaba a waje. A wata shidan farko na 2016, mutum 26 da ba su daɗe da fita ba ƙwaya ta kashe. A wata shidan farko na 2017, mutum 9. Sikotland kuma a 2011 ta fara raba nalokson a faɗin ƙasa, har da ba fursunoni ranar fita. Kafin shirin, kashi 9.8 cikin ɗari na waɗanda irin wannan ƙwaya ke kashewa mutanen da suka fito cikin mako huɗu ne. A shekaru ukun farkon shirin ya sauko zuwa kashi 6.3.

Wanda ke kan metadon yana iya tashi da safe ya tafi aiki, ba ya yawon neman dila, ba ya karɓar allurar da wani ya yi amfani da ita. Kana iya cewa ka fi son ya bari gaba ɗaya. Ni ma haka. Amma sai yana raye zai bari, kuma tsarin "ka daina da ƙarfin zuciyarka" an daɗe ana gwada shi, sakamakonsa shi ne ninki 129 ɗin nan.

"Ai yana da dangi"

Wani yana da su, kuma su ne suke ɗaukar mafi yawan nauyin ba tare da kowa ya gode musu ba. Amma uwa ba za ta san sunan ƙwayar da ake ba ɗanta a ciki ba in ba a rubuto ba. Za ta ga dai ya dawo lafiya ƙalau, bayan mako uku ya daina barci, ya fara magana shi kaɗai. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna kusan fursuna ɗaya cikin bakwai yana fama da taɓin hankali ko matsanancin ciwon damuwa. Irin wannan in magani ya yanke, yawanci ɗan sanda ne yake fara ganinsa kafin likita, sai a sake mayar da shi inda ya fito, a sake ɗora shi a kan maganin, a sake sakinsa ba takarda.

Wani kuma dangin sun yafe shi tun ranar da aka kama shi. Wani laifin ma a cikin gida ya yi shi, ba hanyar komawa. Mata sun fi shan wannan, don mace in ta shiga kurkuku ba a cika jiranta ba, ga shi takan fito da ciki ko da goyo, kuma abin da ke gabanta shi ne ta karɓo 'ya'yanta, nata ciwon ya jira. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi musu ƙa'idoji na daban a 2010, waɗanda ake kira na Bankok, saboda tsarin gidan yari da maza aka auna shi.

Akwai kuma abin da ba a rubutawa a rahoto, wato kallon da ake yi wa mutum a teburin karɓar kati. "A ina kake karɓar magani da?" Tambaya ce ta aiki, amma a gaban layi aka yi ta. Da ya faɗi amsar ya ga fuska ta canza, ba zai dawo ba. Wasu ma ba sa zuwa tun farko, don a ciki sun koyi cewa nuna ciwo nuna rauni ne, kuma mai farar riga ɗan hukuma ne.

Abin da na ga ya fi dacewa da wannan shi ne wanda aka fara a San Faransisko a 2006, asibitin da ake kira Transitions Clinic. Dabararsu ita ce ɗaukar tsofaffin fursunoni aiki, a horar da su a matsayin ma'aikatan lafiya na unguwa. Shi zai tarbi wanda ya fito, ya raka shi wurin likita, ya taya shi neman kati da wurin kwana, ya kira shi in bai zo ba. Da aka gwada tsarin, an ga waɗanda ke cikinsa sun rage zuwa ɗakin agajin gaggawa. Ban yi mamaki ba. Mutumin da ya taɓa tsayawa a bakin ƙofar nan da leda a hannu ya san abin da ke ran ɗan'uwansa, kuma in ya ce "zo mu je", za a bi shi.

Sau da yawa masu goyon bayan wannan magana sukan kare ta da cewa tana rage komawa ga laifi. Ni ba na son jingina a kanta. In ka ce a ba mutum insulin, allurar ciwon sukari, don kada ya sake sata, ka yarda ke nan ranar da ya sake a hana shi.

Masu jiran shari'a

Duk abin da na faɗa ya fi sauƙi ga wanda aka yanke wa hukunci, don an san ranar fitarsa tun shekaru kafin ta zo. Hukumar da ta san ranar amma ta ce ba ta shirya ba, ba ta da uzuri.

Amma kusan kashi ɗaya cikin uku na fursunonin duniya ba a yanke musu hukunci ba, a wasu ƙasashen ma su ne mafi rinjaye. Waɗannan ba su da rana. An fita da mutum kotu da safe, maganinsa na ɗakin jinya ana jiran ya dawo da yamma, sai alƙali ya ba da beli ko ya kori ƙarar. Daga harabar kotu ya kama hanyar gida. Ba zai koma gidan yari neman ragowar ƙwaya ba, kuma ba zan ga laifinsa ba. Haka ranar da aka yi afuwa aka saki ɗaruruwa a lokaci guda, ana murna ana ɗaukar hoto, ba wanda ya tambayi mutum nawa ne a cikinsu ke tsakiyar jinyar tarin fuka.

A nan hujjar "kowa ya ɗebo da zafi" ma ba ta da wurin tsayawa, don da yawansu ba su ɗebo komai ba. Dudley Lee ya shiga kurkukun Pollsmoor na Afirka ta Kudu a 1999 yana jiran shari'a, ba shi da tarin fuka. A ciki ya kamu. A 2004 kotu ta wanke shi ta sake shi. Ya kai ƙarar gwamnati, aka yi ta ja har Kotun Tsarin Mulki, wadda a Disambar 2012 ta ce hukuma ce ke da alhakin ciwonsa. Shi ya samu lauyoyi da suka tsaya masa. Irinsa nawa ne suka fita da ciwon da hukuma ta sa musu, suka ci gaba da jinyar kansu da kansu?

Tunda ba a san ranar fitar mai jiran shari'a ba, shirin fitarsa ranar da ya shigo ya kamata a fara shi. Ƙa'idojin Mandela sun riga sun ce likita ya duba kowane fursuna da zarar an kawo shi. A wannan zaman na farko sai a tambaye shi inda zai koma in an sake shi, a rubuta asibitin da ya fi kusa, a sa sunansa a rajistar shirin tarin fuka ko na HIV na ƙasa maimakon littafin gidan yari kaɗai. A ba shi ƙaramin kati mai sunan ciwonsa da maganinsa da ranar da ya fara, wanda ba ya ɗauke da tambarin gidan yari, ya zauna a aljihunsa. Duk ranar da za a fita da shi kotu, a ba gandiroban da ke rakiya maganinsa na 'yan kwanaki a ambulan, in an dawo da shi a mayar ɗakin jinya, in an sake shi a miƙa masa.